Kiɗan Turawa da Sirrin Wanzuwarsa: Laccar da Aka Gabatar a Wudil



Ban zo gabanku don in yanke hukuncin halacci ko haramcin kiɗa ba, domin wannan fage ne na malaman fiƙihu, kuma Imamu Gazali ya keɓe masa babi sukutum a cikin littafinsa Ihya'u. Abin da ya kawo ni tarihi ne, wato yadda kiɗan Turawa, wanda mu a nan Wudil muka fi saninsa ta hanyar badujalar 'yan sanda ranar fareti, ya taso daga majami'un Nasara har ya game duniya, da dalilin da ya sa nasu na dauri ya wanzu alhali akasarin namu ya salwanta.

Asalinsa waƙa ce mai karin murya guda, ba ganga ba sarewa, wadda ruhubanawa ke rerawa da harshen Latin, suna karɓarta baki da baki, har zuwa wajen shekarar 1025, sa'ad da wani daga cikinsu mai suna Gido, mutumin Arezo ta ƙasar Italiya, ya tsara layuka a takarda, yana ɗora kowane sauti a mazauninsa gwargwadon hawansa da saukarsa, ta yadda mawaƙi zai iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. A ganina duk abin da ya biyo baya reshe ne, wannan shi ne tushe. Domin da sauti ya shiga takarda, sai abin da ya gagari hadda ya sauƙaƙa ga alƙalami, har ya zamana wajen shekarar 1200 ana jera muryoyi huɗu mabambanta a babbar majami'ar Faris, kowace tana bin hanyarta, amma suna haɗuwa ba tare da sun yi karo ba.

Sai dai kada wani ya zaci sun ƙagi kome da kansu. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya riga ya wallafa babban littafinsa a kan ilmin kiɗa. Makaɗi Ziryabu ya isa Ƙurɗuba a 822 da fasahar Bagadaza. Kuma daga hannun Musulmi ne Turawa suka karɓi udu da rababa. Hatta babbar ganga da faya-fayen tagulla na badujala, daga rundunar Turkawan Usmaniyya suka aro su.

Daga nan zamuna suka yi ta shuɗewa: zamanin Bak na Jamus, wanda ya rasu a 1750, mai saƙa muryoyi kamar gwanin masaƙi, sa'an nan zamanin Mozat, mai son tsari da daidaito, sa'an nan Betoben, wanda ya buɗe ƙofar bayyana ƙuncin zuciya da farin cikinta. Ku dubi ikon Allah a kan wannan bawa: kurumta ta kama shi, amma ya ci gaba da tsara kiɗa a takarda, har aka gabatar da babban kiɗansa na tara a Biyana a 1824 alhali kunnensa ba ya ji. Shi kuwa Bak, an yi shekaru ba a waiwayi manyan ayyukansa ba, sai a 1829 makaɗi Mendelson ya ɗauko takardun ɗaya daga cikinsu ya tayar da shi a Balin.

To, mu dawo gida. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki. Bayan rasuwarsa da shekara biyu aka buga littafin kiɗa mai muryoyi da yawa da injin ɗab'i a Banis, kuma har yau ana kaɗa abin da ke cikinsa. Mu kuwa, ko da yake ana busa take a ƙofar fada har gobe, babu mai iya rantsuwa cewa shi ne wanda Rumfa ya ji. Ban ce nasu ya fi namu ba, haƙiƙa kalangu yana magana da harshen Hausa, yana bin hawa da saukar lafazi, abin da layukan Gido ba su iya ɗauka sosai. Kuma jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su ne suka haifar da kiɗan jaz a Amurka. Amma da na'urar ɗaukar murya ba ta riski Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba, da yanzu sunayensu kawai muke ji.

Saboda haka ina roƙonku, ya ɗaliban wannan jami'a ta kimiyya da fasaha, tun da wayar da ke aljihunku ta isa wannan aiki, ku shiga ƙauyukan Wudil da Garko da Gaya, ku nemi tsofaffin makaɗan noma da na farauta da na mahauta da na masunta, ku ɗauki muryarsu da izininsu, ku rubuta sunan kowane take da wanda aka yi wa, ku ajiye a ɗakin karatu tun masu abin suna raye.

Allah ya yi mana jagora.