Raba Aiki Tsakanin Lasifika Da Sabufa: Jawabi A Taron Shekara



An umarce ni da in yi bayani a kan akwatin nan da ake kira sabufa, wanda da yawanmu muka saya da tsada, amma ban da gunji babu abin da yake yi a falo.

Malamanmu na Fiziks sun koya mana cewa kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga Haz 20 zuwa 20,000. Ƙaramin lasifika yana iya fitar da kukan algaita, amma amon tambari ya fi ƙarfinsa. Wannan amon shi ne aikin sabufa. Mai raba musu aiki kuwa ita ce kirosoba, wato matatar da ke barin sauti mai kauri ya wuce zuwa sabufa, ta tare sauran.

To a ina za a tsayar da ita? Ma'aunin THX, wanda ya samo asali a Amurka a 1983, ya ɗauki Haz 80. Dalili kuwa, a nan tsawon igiyar sauti ya haura mita 4, kunne ba ya saurin gane inda take fitowa. In aka ɗaga fiye da kima, sabufa da lasifika za su rinƙa maimaita abu guda, murya ta dushe. In aka yi ƙasa da yawa, sai a bar giɓi a tsakani.

Tsohon amfilifaya ba shi da ramin sabufa. Sai a jawo waya daga inda lasifika ke haɗe zuwa bayan sabufa. Kada a ji tsoron nauyi, domin sabufa mai amfilifayar kansa sigina kawai yake ɗauka, wutar da yake ja kaɗan ce. Ja da ja, baƙi da baƙi. In amon ya yi rauni, a juya maɓallin 0 zuwa 180.

Gargaɗi ɗaya: akwai amfilifayar da baƙin bakinta ma yana ɗauke da wuta. Haɗe baƙaƙen wayoyin hagu da dama a irin wannan na iya ƙona ta. A duba littafinta, a kuma kashe wuta kafin a taɓa waya. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.