Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Riɗi: Manomin Gwarzo da Kasuwar Duniya



Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomin Gwarzo da na Kabo sun jingina arzikinsu ga gyaɗa, ita kuwa gyaɗa ta jingina ga masu saye a Turai. Farin 1973 ya raunana ta, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa ta, dala ta baje.

To, yau fa? Amfanin gonarmu yana fita ta kasuwar Dawanau, riɗi ya nufi Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo ya nufi Meziko. Masu saye sun yawaita, amma a ganina da sauran rina a kaba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa wajen ajiya. Malaman gona da ke zaune a nan, ku lura da kyau, a ɗakin ajiya aka rasa wannan kasuwa, tun buhu bai kai Ikko ba. Sa'an nan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tsawwala kuɗin takin zamani, har wanda bai taɓa jin sunan Yukiren ba ya rage buhu a gonar masararsa.