Bakteriya da Aikin Tace Maganin Ciwon Jiki



Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Bakteriya, wadda muka saba kira ƙwayar cuta, tana iya wani aiki da ke ba masana wahala.

Ku dubi hannuwanku. Kamarsu ɗaya, amma safar hannun dama ba ta shiga hagu. Haka ƙwayoyin wasu magunguna suke, tagwaye ne: na dama, wanda masana ke kira R, da na hagu, watau S. Louis Pasteur na Faransa ne ya fara rarrabe irin waɗannan tagwaye a 1848. A 1858 kuma ya lura cewa ƙananan halittu suna cin ɗaya su bar ɗaya.

Mu ɗauki ibuprofen, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1969, yanzu kuwa kusan kowane kemis akwai shi. Yawancinsa gauraye ne, rabi da rabi, alhali na hagun ne ke kashe zafin ciwo. Na daman sai jiki ya juya wani sashensa tukuna ya yi amfani. Naproxen kuwa na hagun kaɗai ake sayarwa.

To, ta yaya ake raba tagwayen? Tafasawa ko tacewa ba sa raba su, domin nauyinsu da halinsu ɗaya ne. Amma inzayim, sinadarin da halitta ke sarrafa abinci da shi, shi ma mai hannu ɗaya ne. Bacillus subtilis, bakteriyar da ke zaune cikin ƙasa, tana da inzayim mai yin wannan aiki. Sai a ɗaure tagwayen naproxen da wani sinadari, a miƙa mata cikin ruwa mai ɗumi, ta kwance na hagu ta ƙyale na dama. Daga nan rabuwa ta yi sauƙi.

Sai dai akwai cikas. Rabi kaɗai ake samu, sai an sake gauraya ragowar an maimaita. Don haka har yanzu hanyar sinadarai ce ta fi rinjaye a masana'antu.

'Yan'uwa, yawancin sinadaran magungunanmu daga Indiya da Sin ake shigo da su, alhali irin wannan bakteriya tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Wanda zai nemo ta ya sa ta aiki, a cikinmu ya kamata ya fito.