NAMAN DA BA A YANKA BA: HALAL NE KO MUSHE?

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar a wajen ta'alimin 'yan uwa matasa a Gusau, wanda 'yan uwa daga Tsafe da Bunguɗu suka halarta. An yi zaman ne domin amsa tambayar da ɗalibai suka daɗe suna aikowa a kan naman da Turawa ke rainonsa a ɗakin gwaje-gwaje.

Bayan ya yi hamdala da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya fara da cewa bai dace a yanke hukunci a kan abin da ba a san yadda yake ba, saboda haka sai an fara sanin mene ne shi wannan nama. Ya ce abin da suke yi shi ne su ɗebi ƙwayoyin halitta daga tsokar saniya ko kaza, su zuba a cikin manyan tukwanen ƙarfe masu ɗumi irin na jikin dabba, suna ciyar da su da ruwa mai sukari da gishiri da sauran sinadarai, su kuwa ƙwayoyin suna ta rabuwa suna ninkuwa har su zama tsoka. Ba kiwo, ba kara, ba wuƙa.

Ya ce a shekarar 2013 ne wani masani mai suna Mark Post na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ya fara nuna wa duniya irin wannan nama a birnin Landan, ɗan curi guda da aka kashe wa kimanin dala 325,000, kuma wanda ya biya kuɗin shi ne Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google. Ƙasar Singafo ta ba da izinin sayar da na kaza a 2020, Amurka ta biyo baya a 2023. A wannan shekarar kuma Italiya ta kafa dokar hana shi. "To kun ga," in ji Malam, "ko su da suka ƙirƙiro abin bakinsu bai zo ɗaya ba."

Daga nan sai ya shiga abin da ya kira mataki na biyu, wato taɓa ƙwayoyin gado. Ya ce a 2020 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ɗauko ƙwayoyin gado guda uku daga wata bakteriya suka dasa a ƙwayoyin tsokar saniya, sai ga tsokar tana samar da sinadarin nan da ke sa karas ya yi ja, wanda jikin mutum ke mayarwa bitamin A. Hujjarsu ita ce nama zai ƙara gina jiki, kuma zai rage wata illa da ake dangantawa da yawan cin jan nama.

A ɓangaren hukunci Malam ya daɗe. Ya ce Suratul Ma'ida aya ta 3 ta haramta mushe da jini da naman alade, kuma sananne ne a fiƙihu cewa duk abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye hukuncinsa na mushe ne. To da yawan masu wannan aiki daga dabba mai rai suke ɗebo ƙwayoyin, har ma tinƙaho suke yi cewa ba a kashe komai ba. Wato abin da suke ganin shi ne falalar naman, a wajen Musulmi shi ne matsalarsa ta farko. Matsala ta biyu ita ce abincin da ake ba ƙwayoyin, domin shekara da shekaru ruwan jinin ɗan tayi ake zuba musu, wanda ake zuƙowa daga tayin saniyar da aka yanka da ciki. Ya ce kamfanonin sun samo abin da zai maye gurbinsa, amma wanda ke tsaye gaban mai tsire ta yaya zai san da wanne aka yi nasa? Ya ambaci fatawar da kwamitin malaman Singafo ya fitar a 2024, cewa naman yana halatta idan ƙwayoyin daga dabbar da ta halatta ne, duk abin da aka haɗa da shi halal ne, kuma ba ya cutarwa. Ya ce shi ma a nan ya tsaya, da sharaɗin cewa dabbar an yi mata yankan Musulunci.

Game da dasa ƙwayar gado, ya gargaɗi 'yan uwa da kada su yi gaggawar jawo ayar nan ta Suratun Nisa'i da ke zargin masu canza halittar Allah su ɗora a kan kowane irin bincike. Ya ce manomi yana aure tsakanin mangwaro da mangwaro, makiyayi yana zaɓen bijimin barbara, ba wanda ya ce sun yi saɓo. Abin dubawa shi ne daga ina ƙwayar ta fito, me za ta haifar, kuma a hannun wa take. Ya tunatar da cewa abin ba nesa yake ba, domin tun 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samarun Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar wake, wanda shi ma dasa masa ƙwayar gado aka yi.

Sai Malam ya juyo gida, muryarsa ta canza. Ya ce, "'Yan uwa, yaron da ke fama da dundumi a ƙauyen Bunguɗu, saniya mai karas a jikinta yake jira? Tun kaka da kakanni an san hanta maganin dundumi ce. Ga zogale a bayan ɗaki, ga manja, ga mangwaro, ga nono. Ba bitamin ne ya ɓace daga namanmu ba, shanun ne suka ɓace." Ya ce garkunan da a da suke cika dazukan Tsafe da Dansadau an kore su da bakin bindiga, Bafulatani da Bahaushe duk an talauta su, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Ya tuna yadda a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma yanke layukan waya, dillali da mahauci da mai kilishi suka zauna ba sana'a. Ya ce magidancin da daga layya sai layya yake ganin nama a tukunyarsa zalunci ne ya hana shi, kuma wannan ba abin da tukunyar ƙarfe za ta gyara ba ne.

Ya ƙara da cewa ko da naman ya cika duk sharuɗɗa, akwai abin tsoro. Akuya mallakar talaka ce, mace a cikin gida tana kiwonta, ta haihu, ta sayar ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Ita kuwa ƙwayar da aka sarrafa rajista ake yi mata da sunan kamfani, ba mai ninka ta sai da izini. Duk ranar da nama ya koma hannun kamfanoni biyar ko shida, to su ne za su yanke wa duniya wa zai ci, da nawa.

Wani ɗan uwa daga Tsafe ya yi tambaya cewa to ko Musulmi ya guji karanta irin wannan ilimi ke nan? Malam ya ce sam, akasin haka ma. Malamin da zai ba da fatawa yana bukatar wanda zai shiga ɗakin gwajin ya gano masa ko jini ne a cikin ruwan, ko daga alade aka ɗauko wani sinadari, in kuwa babu namu a wajen sai dai a karɓi abin da mai sayarwa ya rubuta a jikin kwali. Ya tambayi mutum nawa ne a wajen ke karatun kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, aka ɗaga hannuwa, ya ce su tsaya bayan an tashi yana son ganinsu.

Daga nan aka rufe zaman da addu'a.