Zaɓen Zarto Mai Inji Don Aiki Iri Iri: Jawabi Ga Masu Sana'ar Itace



An umurce ni in yi muku bayani a kan zarto mai inji, watau injin nan mai sarƙa da ake ka da itace da shi, da kuma yadda mutum zai zaɓi guda ɗaya wanda zai ɗauke masa yawancin aikinsa. Dalili kuwa shi ne, mutanenmu da yawa da ke neman abinci a dazuzzukan Taraba da Kuros Riba da Edo da Ondo, da manoman da ke sharar gona, sukan daɗe suna tari, wani har ya sayar da shanun hudarsa, sa'an nan su zuba kuɗin duka a kan inji ɗaya. Idan zaɓen ya yi kyau, injin ya ciyar da gida shekara da shekaru. Idan ya ɓaci, jari ya tafi, wani lokaci ma har da ƙafa ko hannu. Tun da fari ina so ku sani Gwamnati ba ta yi wa kowane kamfani talla. In kun ji na ambaci suna, don misali ne kurum.

Wannan inji asalinsa daga Jamus ne. A shekarar 1926 wani injiniya mai suna Andreas Stihl ya ƙera irinsa mai aiki da lantarki, a 1927 kuma Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai shan fetur. Na farkon nan sai mutum biyu ke iya ɗauka. Sarƙar da muke amfani da ita yau wani Ba'amurke ne mai suna Joseph Cox ya tsara haƙoranta, bayan ya tsaya ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke huda kututture, ya kuwa fara sayar da ita a 1947. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga sana'ar a 1959.

To, abu na farko da mai saye zai tambayi kansa shi ne, wane aiki ne zai fi yi a cikin kwana goma na aikinsa? Ana auna girman inji da faɗin cikin silindarsa, shi ne lambar nan da kuke gani da haruffan cc a gefenta, kamar dai ta babur. Ƙananan injuna na masu sana'a suna wajen cc 50, nauyinsu kimanin kilo 5, kamar Stihl MS 261 ko Husqvarna 550 XP. Matsakaita suna tsakanin cc 60 da cc 72, nauyinsu bai kai kilo 7 ba, kamar MS 382 ko Husqvarna 372 XP. Sai manya, daga cc 90 zuwa sama, cikinsu har da Stihl 070 wanda kusan kowa a nan ya sani, mai cc 105 da ɗoriya, wanda nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a zuba masa mai ba, ba a kuwa ɗaura masa kome ba.

A littattafan Turai za ku ga ana cewa mai cc 50 shi ne na kowane aiki. Gaskiya ne a wurinsu, gama yawancin itatuwan da suke yanka masu taushi ne, masu tsayi, marasa kauri sosai. Namu ba haka suke ba. Wanda ya taɓa sa zarto a jikin ƙirya busasshiya, ko kawo, ko maɗaci, ya san bambancin. A ganina, ga mutumin ƙasar nan da yau zai ka da maɗaci, gobe ya daddatse malaina ko turare, jibi a kira shi ya kawar da darbejiyar da iska ta kayar a kan hanya, matsakaicin nan na cc 60 zuwa 72 shi ya fi dacewa. Yana da ƙarfin shiga itace mai tauri, kuma mutum zai iya wuni da shi a hannu.

Na san akwai waɗanda za su ce ai babba ya fi, don abin da ƙarami ya yi babba zai yi. Ku yi hankali da wannan magana. Babban inji an yi shi ne don manyan gungume. Idan mutum ya ɗauke shi ya shiga sassaɓe rassa, kafin azahar kafaɗarsa ta mutu, kuma gajiya takan jawo raunuka a wannan sana'a. Ga shan mai. Bugu da ƙari, tsohon samfurin 070 ba shi da birkin sarƙa, wanda zan yi maganarsa nan gaba. Wanda aikinsa tsaga gungume ne safe da yamma, wannan yana da hujjar sayen babba. Saura kuwa nauyi kawai za su saya.

Sai a rarrabe tsakanin injin sana'a da injin gida, domin a ido kusan kamarsu ɗaya. Na sana'a, gidan da ƙarfen juyawar injin ke zaune a ciki na ƙarfe ne marar nauyi da ake kira maganiziyam, kuma an yi shi yadda bakanike zai kwance silinda ya sake fistin ba tare da ya wargaza kome ba. Na gida kuwa yawancin jikinsa roba ce, an yi shi ne don wanda zai yanka itacen girki sau ɗaya a mako. Idan aka sa shi aikin wuni, ba ya daɗewa.

Yanzu ga faifan ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda ni a fassarata nake kira takobi. Mutanenmu suna son dogo. Amma kowane inci da aka ƙara, an ƙara wa injin haƙoran da zai ja, an kuma ƙara wa mai shi haƙoran da zai wasa. Takobi mai inci 20 ya isa ga matsakaicin inji, kuma da shi gwani zai iya ka da itacen da kaurinsa ya kusa ninka tsawon takobin, idan ya yanka ta wannan gefe ya zagaya ta wancan. Wanda ke da hali ya ajiye na biyu mai inci 24 ko 25 don ranar da ya gamu da babban gindi.

Sarƙa ita ce ke yanka, injin ja kawai yake yi. Haƙoranta iri biyu ne. Akwai mai kusurwa tsaye, wanda ya fi sauri amma yakan dakushe da zarar ya taɓa ƙasa. Akwai kuma mai ɗan lanƙwasa a kusurwa, wanda bai kai shi sauri ba amma ya fi jure wa datti. A ƙasarmu, inda ƙurar hunturu ke shiga ɓawon itace, gara kuma ke ɗora ƙasa a jikin kututture, na biyun ya fi amfani. Ku lura da girman sarƙar ma, gama akwai mai awo .325, da 3/8, da .404, kuma tilas sarƙa da takobi da haƙorin da ke jan ta su zama awo ɗaya. Kowane awo da irin magagarinsa. Ana wasa haƙori a karkace, bisa kusurwa mai digiri 30 ga yawancin sarƙoƙi. Alamar sarƙa mai kaifi ita ce ta riƙa fitar da ɓarɓashi manya manya. Da kun ga gari mai laushi yana fita, ku tsaya ku wasa, kada ku danna injin da ƙarfi.

Na zo kan abin da ya fi cin dukiyar mutane, watau jabu. A wata kasuwar katako a kudu na taɓa gamuwa da wani saurayi zaune a gaban bakanike, injinsa a kwance gunduwa gunduwa. Launinsa da sunan da ke jikinsa duk na sanannen kamfani ne, ya kuwa saye shi a ƙasa da rabin kuɗin da ake sayar da na ainihi. Bai cika wata biyu ba fistin ya kama. Da aka kawo kayan gyara na ainihi, sai suka ƙi zama. Araha dai ba ta ado. Injin Stihl na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 9 da aka buga a jikinsa. Ku sa mai kanti ya rubuta lambar a kan rasit, ku kuma saya wurin wakilin da kamfani ya amince da shi. Kada sunan ƙasar da aka rubuta ya ruɗe ku ko ta wace fuska, domin kamfanin da kansa yana da masana'antu a Jamus da Amurka da Barazil da Sin. Kafin ku biya kuɗi, ku zaga garin da za ku yi aiki ku tambaya, wane inji ne ake samun fulogi da fistin da matatar iskarsa a nan, wane ne kuma bakanike ya iya? Inji mai kyau da kayan gyaransa ke Legas alhali mai shi yana Takum, ya zama kayan ajiya.

Wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota. Ana gauraya masa man ne a cikin fetur, kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5, idan man na kirki ne wanda aka yi don irin wannan inji. A auna, kada a kimanta da ido. Kada kuma a gauraya abin da zai wuce wata ɗaya a ajiye. Tanki na biyu na man sarƙa ne, kuma na san al'adar zuba masa baƙin man da aka juye daga mota ta zama ruwan dare. Wannan mai yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cinye famfon mai da takobi, yana kuma fantsama a jikin mai aiki. Matatar iska a share ta kowace yamma.

Haɗarin da ya fi muni shi ne wanda zan kira tutsu. Idan saman hancin takobi ya taɓa itace ko reshe sarƙa tana gudu, sai injin ya zabura sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Maganin da masu ƙira suka yi shi ne birkin sarƙa, wato marikin nan da ke gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa nan take. Ku gwada shi a kanti. Ku duba kuma akwai ɗan ƙarfen da ke cafke sarƙa idan ta tsinke, da robobi ko waya mai nannaɗe da ke rage girgiza, gama girgizar shekaru takan kashe jijiyoyin yatsu. Ƙarar injin ta wuce awo 100 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa. Saboda haka kuɗin hular kwano da abin toshe kunne da tabarau da takalmi mai ƙarfe a baki da wandon kariya, a lissafa su cikin kuɗin inji tun daga farko. Kada mutum ya shiga daji shi kaɗai, kada kuma kowa ya tsaya kusa da itacen da ake kayarwa sai da tazarar tsawonsa biyu.

Saura maganar doka. Mallakar inji ba izinin sara ba ne. Gandun daji yana hannun gwamnatocin jihohi, kowace jiha kuma da ƙa'idarta, har akwai inda ake bukatar a yi wa injin kansa rajista. Wuraren da Gwamnatin Tarayya ta keɓe, irin su Gashaka-Gumti da Okomu, ba a taɓa itacensu ko kaɗan. Kun ga abin da ya sami madobiya a Taraba da maƙwabtanta, yadda aka yi ta jigilar ta zuwa ƙasashen waje har ta yi wuyar gani. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A Gana, tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da wannan inji, saboda yawan itacen da yake mayarwa gari. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya kuwa, a wurare da yawa an hana sararsu, ko da a gonar mutum suke. Don haka kafin ku je kanti, ku fara biyawa ta ofishin malamin daji na yankinku, ku ji irin takardar da ake bukata da itatuwan da aka yarda a sara. Masu son koyon riƙon inji da gyaransa kuma su nemi bayani a kwalejojin gandun daji na Tarayya da ke Ibadan da Jos da Afaka ta Kaduna.

Shugaban taro, iyakar abin da ke gare ni ke nan. Mai tambaya yana iya miƙewa.