Shayin Gida: Kayan Ƙamshi Kafin Sukari

 Ga rubutun shirinmu na wannan mako ga waɗanda ba su samu sauraro ba.

Sanyi ya kankama a Kano. Da asuba in ka biyo ta Hotoro zuwa Tarauni, ko ka gangaro Gyadi-Gyadi wajen Asibitin Malam Aminu Kano, duk teburin mai shayi cike yake. To yau maganarmu a kan shayin gida ce, mai kayan ƙamshi, wanda zai ɗumama jiki ba tare da an zuba masa sukari kamar ana gayya ba.

Kalmar shayi daga Larabci muka aro ta, asalinta kuma daga Sin. Mutanen Indiya sun shahara da dafa shi da madara da kayan ƙamshi. Amma mu ma ai ba baƙi ba ne a nan: citta, kanumfari, masoro, girfa, kimba, na'a-na'a, duk suna kasuwar Tarauni da ta Kurmi. Ganyen shayin ma ana noma shi a tsaunin Mambilla, jihar Taraba. Cittarmu kuwa galibi daga kudancin Kaduna take zuwa, su Kachia da Jaba. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a can, farashi ya yi sama. Don haka bai kamata a yi asararta ba.

Ga yadda ake haɗawa na mutum huɗu. Uwargida, ɗauki kofi biyar na ruwa, saboda wani zai tafi a tururi. Ɗanyar citta kamar babban yatsa, ki wanke, ki ɗan daddaka ta. Kanumfari huɗu ko biyar, masoro uku, ɗan sandan girfa ɗaya. Ki farfasa su kawai, kada su zama gari. Ki zuba a ruwan tun yana sanyi, ki rufe, ya tafasa kamar minti goma a wuta kaɗan.

Sai bayan nan ganyen shayi ya shiga. A nan mutane da yawa suke kuskure, su zuba komai lokaci ɗaya. Kayan ƙamshi suna son daɗewa a wuta, shi kuwa ganye minti biyu zuwa uku ya ishe shi. In ya wuce haka sai ya yi bauri, baurin nan kuma shi ke sa a yi ta ƙara sukari. Na'a-na'a ki jefa bayan kin sauke. Madara a ƙarshe, a tace, a sha da zafinsa. Mai son lemun tsami ya haƙura da madara, don za ta tsinke.

To batun sukari fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan giram 50 a rana ga babba, wato wajen cokalin shayi 12, in ya tsaya a shida ma ya fi. Lissafin nan ya haɗa da na zobo, da kunu, da lemon kwalba, har da zuma. Kofi uku a rana, kowanne cokali huɗu, ka ga an gama kason ke nan. Girfa da citta suna cika baki, in sun ji a shayi, cokali ɗaya ma ya wadatar. A rage a hankali, harshe zai saba.

Abu uku kafin mu rufe. Shayi yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini su ba da tazarar kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Jariri da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Sannan shayin nan yana sanyaya rai, yana wartsake maƙogwaro, amma Baba mai hawan jini ko Hajiya mai ciwon sukari kada su ajiye maganin asibiti saboda shi.

Ku faɗa mana, a gidanku me ake sakawa? Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.