LACCA A KAN AWON JINI DA AWON CIKI

Ya 'yan'uwana maza da mata, 'yan tireda da 'yan koli, mahauta da masu awon hatsi, ina gode muku da kuka rufe rumfunanku da wuri domin ku zo ku ji wannan magana.

Zancenmu na yau a kan ciwon nan ne da ake kira amosanin jini, watau sikila, da awon da likitoci ke yi don a gane shi tun kafin aure, ko tun yaro yana ciki. Na san a cikinku ba a rasa wanda ya kwana yana matsa wa ɗansa ƙafa yaron yana kuka da ciwon ƙashi. Kun kuma san macen da ake ce wa mai wabi, wadda in ta haifa sai ya koma, har a gaji a sa wa na baya suna Ajuji ko Ayashe. To, da yawa daga cikin yaran nan wannan ciwo ne ya ɗauke su, ana ta zargin mayu da kishiya.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar jinin mutum mai lafiya kewayayya ce mai laushi, takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 sai ta mutu. Wannan shi ke kawo ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini da idanu su yi rawaya. Wani likita mai suna James Herrick ne ya fara bayyana siffarta a birnin Shikago na Amurka cikin 1910. Cikin 1954 kuma Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa wanda ya gaji rabin abin, shi ne ake ce wa AS, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani bai cika kashe shi ba. Shi ya sa irin ya yawaita a ƙasarmu ta sauro, har kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 ana haihuwar yara wajen 150,000 da sikila kowace shekara a ƙasar nan. Babu ƙasar da ta kai mu.

Yanzu ku natsu ku ji yadda ake gadonsa, gama nan ne ake zaluntar mata. Ku ɗauka miji yana da goro biyu a aljihu, fari da ja, matar ma haka. Kowane ciki, miji ya sa hannu ya ba da ɗaya ba tare da ya duba ba, matar ma ta ba da ɗaya. In fari ya gamu da fari, yaro AA ne. In fari da ja, AS ne kamar iyayensa, lafiyarsa lau. In ja ya gamu da ja, shi ne SS, mai sikila. Watau kowane ciki akwai hanya 1 cikin 4, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya ɗauka ba. Kun ga ashe mace ita kaɗai ba ta iya haifar mai sikila, sai miji ya kawo nasa rabin. Saboda haka wanda ya saki matarsa wai tana haifa masa marasa lafiya, ya yi zalunci, kuma ya tafi sabon gida da jan goronsa a aljihu.

Awo iri uku ne. Na farko awon jini kafin aure. Cikin 2024 Jihar Kano ta kafa doka cewa sai an yi awon lafiya kafin a ɗaura aure, har da na irin jini. Shawarata kada ku bari sai an kai lefe an sa rana, sa'ad da zuciya ta riga ta kamu kuma an kashe dukiya. Ku auna yaranku tun suna ƙanana. Kada kuma a mai da yarinya mai AS abin gudu, gama in ta auri mai AA ba za su haifi mai sikila ba. Wanda ya sayi takardar ƙarya don a ɗaura, ɗansa ne zai biya kuɗinta da kuka.

Na biyu awon ciki. Hoton ciki da ake yi a asibiti ba ya nuna sikila. Sai dai likita ya sa allura ya tsakuro ɗan kaɗan daga mabiyiya wajen mako na 11 zuwa 14, ko ya ɗebo ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki daga mako na 15. Akwai hatsarin ɓari, ko da yake bai kai 1 cikin 100 ba, kuma awon yana da tsada, sai manyan wurare kamar Ikko. Mai kuɗi ya hau jirgi ya je, talaka bai ma taɓa jin labarinsa ba.

A nan ne magana ta yi nauyi. In awo ya nuna SS, me za a yi? Dokar ƙasar nan ba ta yarda a zubar da ciki ba sai don a ceci ran uwa. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka cikin 1990, ta ba da izini kafin kwana 120 in amintattun likitoci sun tabbatar da nakasa mai tsanani wadda ba ta da magani. Malaman mazhabar Malikiyya kuwa sun fi tsanantawa. Sikila kuma yau ana rayuwa da shi, akwai masu shi da suka yi karatu, suka yi aure, suka ga jikoki. Don haka ni a ganina babban amfanin sanin tun da wuri shi ne shiri, a haihu a asibiti, a fara kula da yaro tun ranar farko. Kuma wajibi ne kada a yi wa mace wannan awo sai da yardarta, bayan an yi mata bayani da Hausar da za ta gane. Abin da awo ya nuna amana ne tsakanin likita da ma'auratan, bai kamata ya zama zancen zaure ko na gidan suna ba.

Na uku shi ne awon jariri, ɗigon jini ɗaya daga dunduniya, kuma shi ya fi sauƙi. Cikin shekarun 1970, a binciken da aka yi a ƙasar Garki, wadda yanzu ke Jihar Jigawa, an sami kusan jarirai 2 cikin 100 da sikila, amma cikin manya da ƙyar a ga ɗaya, domin sun mutu tun suna ƙanana ba wanda ya san sunan ciwonsu. Yau an san abin da ke tsare su: rigakafi cikakke, ƙwayar fenisilin kullum, gidan sauro, shan ruwa da yawa, kiyaye sanyin hunturu, da garzayawa asibiti da zarar jiki ya yi zafi. Akwai kuma magani mai suna haidiroksiyuriya da ke rage tashin ciwon.

To jama'a, tun da hukuma ta ce dole a yi awo, haƙƙinmu ne mu ce ta kawo shi asibitin unguwa da na ƙauye kan kuɗin da mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta iya biya, a kuma auna kowane jariri kyauta. Ku maza, ku bar matanku su je awon ciki, ku ma ku miƙa hannu a ɗibi jininku, ba a rage muku girma ba. Shugabannin kasuwa, ku kai wannan magana kowane layi. Wanda yake da tambaya ya tashi ya yi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.